Bakin Kogin Platte: Yadda Tudun Yashi Ya Raba Masu Kamun Kifi Da Hukumar Gandu

A tsakiyar watan Agustan 2022 kogin Platte, wanda ke zuba a tafkin Mishigan a arewa maso yammacin jihar Mishigan ta Amurka, ya sauya hanya cikin 'yan kwanaki. Wani dattijo mai kamun kifi ne ya zo da shebur, ya haƙa ɗan lambatu ya ratsa tudun yashin da ke tsakanin kogin da tafkin, ya kwaso duwatsu ya jera ya tare tsohuwar hanyar. Ruwa ya ƙarasa sauran aikin da kansa. Lambatun ya yi ta cin gefensa har faɗinsa ya kai kusan mita 60, ƙananan jirage kuma suka fara bi ta ciki suna fita tafki. A Fabrairun 2024 kotun tarayya ta sami mutumin da laifi biyu, na taɓa abin da ba huruminsa ba da na yin ɓarna a cikin gandun ƙasa na Sleeping Bear Dunes.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce taurin kan mutum ɗaya ne. Amma taƙaddamar da ta haifi wannan aiki ta haura shekara 50, kuma tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi duk mai fita babban tafki da ƙaramin jirgi: in iska ta juya, ta ina zai komo?

Tafkin da kifin da aka kawo masa

Faɗin tafkin Mishigan ya kai kusan murabba'in kilomita 58,000, wato ya fi jihohin Kano da Katsina a haɗe. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kusa kilomita 500, inda ya fi zurfi kuma mita 281 ne. Ruwansa ba na gishiri ba ne, amma halinsa na teku ne, kuma ga ƙaramin jirgi yana da wani mugun hali nasa na daban: igiyoyinsa a tsaye suke, suna bin juna kurkusa, jirgi bai gama sauka daga ɗaya ba ta biyun ta iso. Gaɓarsa ta gabas yawancinta rairayi ne miƙe da manyan tuddan yashi. Lungun da jirgi zai laɓe kaɗan ne, sai inda aka gina katangar tare igiya a bakin wani kogi.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 manyan kifayen asali na tafkin sun kusa ƙarewa. Yawan kamu da taru ya ci nasa, sannan wani baƙon kifi mai siffar maciji da ake kira lamprey, wanda ke manne wa manyan kifaye yana tsotse jininsu, ya ƙarasa sauran. Da masu cin ƙanana suka tafi, sai wani ɗan kifin teku mai suna alewife, wanda shi ma ya shigo ta magudanan da aka haƙa wa jiragen kaya, ya cika ko'ina. A lokacin zafi na 1967 ya mutu da yawan da sai da aka sa katafila tana kwashe mushensa daga bakin ruwa, har a birnin Shikago.

Howard Tanner, wanda ke shugabantar sashen kifi na jihar Mishigan a tsakiyar shekarun 1960, shi ya kawo shawarar a sako kifin salmon na tekun Fasifik, nau'in koho, ya cinye alewife. An samo ƙwai daga jihar Oregon, aka ƙyanƙyashe su, a watan Afrilun 1966 aka saki 'ya'yan a kogin Platte kusa da garin Honor da wasu rafuka. Abin lura shi ne jihar ba don masu sana'ar su ta yi wannan ba. Da gangan ta zaɓi ta mayar da tafkin wurin kamun kifi na nishaɗi, na ma'aikacin masana'antar mota da zai jawo jirginsa a tirela ranar hutu, ya sayi lasisi da mai da abinci da ɗakin kwana. Hukuma ce ta gayyato mutane bakin wannan ruwa, kuma wannan zai yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya.

Asabar, 23 ga Satumba, 1967

Salmon yana da ɗabi'ar komawa kogin da ya fito in lokacin ƙwai ya yi. A ƙarshen lokacin zafi na 1967 kohon da aka saki suka dawo sun ƙoshi da alewife, kilo 5, kilo 6, wasu ma fiye, suka taru a mashigin Platte, wato sashen tafkin da kogin ke zuba a ciki, suna jiran shiga kogi. Mutanen da suka saba da kifin da bai wuce tafin hannu ba suka ji labari. Aka yi ta tururuwa daga ko'ina cikin jihar da maƙwabtanta, kowa da abin da ya samu: jiragen gwangwani masu tsawon mita 4 da aka ƙera don ƙananan tafkuna, kwalekwalen filafili, injin da bai wuce na yawon shaƙatawa ba. Da yawansu ba su taɓa hawa babban tafki ba.

A ranar an fitar da gargaɗi ga ƙananan jirage. A wancan zamani jar tuta ce ake ɗagawa a tashar jiragen ruwa, kuma wanda ya sauke jirginsa daga bakin kogi ko daga kan rairayi ba zai gan ta ba, wanda ya gan ta kuma ba lallai ya san ma'anarta ba. Wasu sun sani, kifi ya hana su juyawa. Ɗaruruwan jirage na kan ruwa a gaɓar da ta tashi daga Manistee ta bi ta Frankfort zuwa Empire sa'ad da iska ta taso. Sama da jirage 150 suka kife ko igiya ta watso su kan yashi. Mutum 7 suka rasu, gommai suka ji rauni.

An saba ɗora laifin wannan rana a kan iska da kwaɗayin masu kamun kifi. Duka biyu gaskiya ne, sai dai akwai na uku, kuma shi ya fi daɗewa: gaɓar ba ta da ƙofar da za ta karɓi jirage masu yawa haka a lokaci ɗaya. Tashar Frankfort na da katanga da zurfi, amma wanda ke cikin mashigin Platte sai ya zagaye tsinin Point Betsie kafin ya kai, cikin ruwan da ya fi ko'ina hauka. Bakin kogin Platte kuma yashi ya toshe shi. Abin da ya rage shi ne mutum ya nufi rairayi kai tsaye, kuma nan ne, a cikin igiyoyin da ke fashewa dab da gaɓa, jirage da yawa suka kife.

Daga shekarar da ta biyo baya aka fara yashe bakin kogin a duk kakar salmon. A 1970 majalisar Amurka ta kafa gandun Sleeping Bear Dunes, bakin Platte ya faɗa cikinsa, daga baya aikin yasar ya koma hannun hukumar gandun. Yadda ake yi babu wani ƙawa: a kawo motar haƙa a watan Satumba, ta buɗe hanya a tudun yashin, ta jibge abin da ta kwaso a gefe. In iskar arewa ta kaɗa da dare, da safe an tarar hanyar ta sake cikewa, a sake haƙawa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har tulin da ake zubarwa ya zama tudu, kogin kuma ya miƙe ya shiga tafki kai tsaye, ya daina kwanar da ya saba yi.

Abin da ke cikin jirgin yau

Jirgin mai neman salmon na yanzu da na 1967 ba a haɗa su. Yawanci yana da ƙirji mai tsini da ke yanka igiya, da gefe mai tsayi, da babban inji, da wani ƙarami a gefensa na tafiyar hawainiya, don ana jan fatsa ne jirgi na tafiya a hankali, kilomita 3 zuwa 5 a awa. Akwai na'urar da ke nuna zurfi da gungun kifi, akwai taswirar GPS, akwai ma'aunin sanyin ruwa da ake saukarwa ƙasa, domin salmon na son ruwan da ke wajen digiri 10 zuwa 12, kuma a lokacin zafi wannan ruwan na can ƙasa da mita 15 ko 20 ko fiye.

Babban kayan aikin shi ne daunriga. Ƙaramin winci ne da ake ɗaure wa a bayan jirgi, da sanda mai miƙewa kan ruwa, da wayar ƙarfe, da ƙwallon dalma mai nauyin kilo 5 zuwa 7 a ƙarshenta. Mai kamun kifi zai saki zaren fatsarsa a bayan jirgi, ya maƙale shi a wani ɗan matsefi kusa da dalmar, sannan ya saukar da ita zuwa zurfin da yake so yana duban ƙidayar da ke jikin wincin. Zai ɗaure zaren har sandar fatsar ta lanƙwasa ta yi baka. In kifi ya cafka, zaren ya suɓuce daga matsefin, sandar ta miƙe fit, sai a yi ihu a ruga. Daga nan tsakanin mutum ne da kifi, babu nauyin dalma a tsakani. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ta buɗe wa masu fatsa zurfin tafkin.

Tun da wasu baƙin ƙananan dodon koɗi suka shigo manyan tafkunan Arewacin Amurka, har da na Mishigan, a ƙarshen shekarun 1980 cikin ruwan da jiragen kaya ke zubarwa, suka yi ta tace ruwan har ya yi garau, kifi ya ƙara gudun inuwar jirgi. Sai kayan suka ƙaru: alluna masu jan zare zuwa gefe nesa da jirgi, fayafayan da ke nutsar da fatsa, zaren jan ƙarfe mai tsawon mita 90 ko fiye. Dokar Mishigan ta yarda wa kowane mutum sanda 3, don haka jirgi mai mutum 3 na iya jan zare 9 lokaci guda.

Nan ne nake ganin ba a cika faɗa wa sababbin shiga gaskiya ba. Kusan duk waɗannan kaya a bayan jirgi suke zama. Winci biyu ko huɗu da dalmarsu, inji biyu, batura, akwatin ƙanƙara cike da kifi, sannan in an kamo babba mutum biyu su tsaya a wuri ɗaya, ɗaya da sanda ɗaya da koma. Bayan jirgi ya nutsa, kuma can ne dama ya fi gajarta saboda gurbin inji. Igiyar da ta biyo jirgi ta baya ba ta buƙatar girma sosai kafin ta haura ta zubo ciki. Ta farko ta ƙara wa jirgin nauyi, ta biyu ta shiga cikin sauƙi fiye da ta farko. In kuma dalma ta maƙale a ƙasa, ko a tarun 'yan asalin ƙasar waɗanda yarjejeniyar da suka yi da gwamnatin Amurka a 1836 ta tabbatar wa haƙƙin kamun kifi a wannan yanki, wayar na iya jan bayan jirgin ƙasa, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa fita sai da almakashin yanke waya a inda hannu zai kai. Ga kuma lokaci: nannaɗe zare 9 da ɗago dalma ba aikin minti biyu ba ne. Mutumin da ya ga hadari a yamma ya ce bari ya ƙara zagaye ɗaya, ya manta cewa kafin ya iya buɗe wa inji wuta sai ya kwashe duk wannan.

Dokoki sun gyaru bayan 1967. Dokar tarayya ta kiyaye lafiyar jirage ta 1971 ta ba dakarun tsaron gaɓa ikon sa wa masu ƙera jirage ƙa'ida, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 ƙananan jirage masu injin waje da ba su kai mita 6 ba dole a cusa musu kumfar da za ta riƙe su a kwance a saman ruwa ko sun cika. Dole a sami rigar ceto ta kowane mutum a cikin jirgi, da abin nuna alamar neman agaji. Tun Afrilun 2021 direban jirgin da bai kai mita 8 ba, in jirgin na da igiyar kashe inji, dole ya maƙala ta a jikinsa yayin gudu, don in ya faɗa ruwa injin ya mutu. Amma rediyon oba-oba na ruwa, wanda ake kiran agaji da shi a tasha ta 16 kuma ake jin hasashen yanayi dare da rana, doka ba ta tilasta wa ƙaramin jirgin nishaɗi ba. Babban mutum kuma ba a tilasta masa sa rigar ceton a jiki ba, ta kasance cikin jirgi kawai. Sai ka ga jirgin da aka kashe wa dubban daloli a na'urar hango kifi, famfon fitar da ruwansa ɗaya ne tak kuma ba a gwada shi ba tun bara, rigunan ceto kuma na ƙarƙashin kujera cikin ledarsu.

Sanyin ruwan ma abin tsoro ne ko a watan Agusta. In iskar arewa ta kwana biyu tana kaɗawa, takan kore ruwan ɗumi na sama daga gaɓar gabas, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Wannan kan jawo kifi kusa da gaɓa, ya jawo ƙananan jirage a bayansa. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, numfashi ne ke fara ƙwace masa a minti na farko, kafin a yi maganar iya iyo.

Tsallake tudun

Duk wannan kaya, komai tsadarsa, sai ya bi ta bakin kogi kafin ya kai tafki. Kwatar sauke jirage ta Platte na cikin kogin, ɗan nesa kaɗan da bakinsa, a yankin ƙaramar hukumar Lake Township ta gundumar Benzie. Daga nan zuwa buɗaɗɗen ruwa sai an haye inda yashi ya taru.

Da safe, ruwa kwance, abin wahala ne kawai. Direba zai ɗaga injinsa har farfela ta kusa fitowa, ko ya kashe shi gaba ɗaya, domin in ya bari yana aiki a ruwan da bai kai gwiwa ba zai zuƙi yashi, yashin ya cinye robar famfon da ke sanyaya injin, kuma ba zai sani ba sai ya yi nisa inji ya ɗau zafi. Mutum ɗaya ko biyu su dira cikin ruwa da dogon wandon roba, su kama gefen jirgin suna ja suna turawa har ƙasansa ya daina gogar yashi, su haura ciki a jiƙe.

Dawowa da rana bayan iska ta juyo daga arewa wani abu ne daban. Igiya na zuwa daga baya, tana ƙara tsayi yayin da ƙasa ke matsowa, tana fashewa daidai kan tudun. Abin da direba ke buƙata a nan shi ne ƙarfin inji da iko da sitiyari, ya hau bayan igiya ɗaya ya bi ta ciki. Amma ruwan ba shi da zurfin da zai bar injin a ƙasa. Da ya ɗaga shi, iko ya tafi. Ƙirjin jirgin ya daki yashi ya tsaya, igiyar da ke biye ta ɗaga bayansa ta juya shi a kaikaice, ta uku ta cika shi ko ta kifar da shi. Jirgin da ya fi dacewa da tsakiyar tafki, mai nauyi da ƙirji mai zurfi, shi ne ya fi shan wuya a nan. Wanda ke tsallake tudun cikin sauƙi, mara nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, shi ne wanda bai kamata igiya ta same shi a waje ba. Ba na jin akwai na'urar da za a saya ta warware wannan.

Hujjar hukumar gandu

Bayan wani nazarin muhalli da aka kammala wajajen 2017, hukumar gandun ta yanke shawarar daina yasar, a bar kogin ya bi halinsa. Kogin kuwa ya koma abin da ya saba: ya lanƙwasa gabas, ya bi gefen tafki a bayan wani siririn tudun yashi kafin ya sami inda zai fita, bakinsa kuma ya baje ya rasa zurfi.

Hujjarta ba ta wasa ba ce. Aikin da doka ta ɗora wa hukumar gandunan ƙasa shi ne ta kiyaye wuri yadda yake, kuma motar haƙa a bakin kogi kowace shekara ta saɓa wa wannan. Tulin da ake jibgewa ya sauya siffar gaɓar. Wannan rairayi mai tsakuwa kuma shi ne irin wurin da wani ɗan tsuntsun bakin ruwa, piping plover, ke yin ƙwai a ƙasa. An sa na manyan tafkunan cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ma'auratansu ba su kai 20 ba. Da kulawa ta shekaru suka kai kusan 80 a 2023, kuma Sleeping Bear Dunes na cikin wuraren da suka fi taruwa. Gaskiya ne kafin a fara yasa a Satumba tsuntsayen sun riga sun yi ƙaura kudu. Abin da ake magana a kai shi ne irin gaɓar da za su tarar in sun dawo.

Akwai kuma abin da ya ɓoye zafin shawarar a shekarun farko. A Janairun 2013 tafkin Mishigan ya sauka ƙasa fiye da duk abin da aka taɓa aunawa tun 1918. Daga nan ya yi ta hawa, zuwa Yulin 2020 ya ƙaru da kusan mita 1.9, yana cin gidaje da hanyoyi a gaɓa, yana shanye kwatoci. An daina yasa ne daidai lokacin da ruwa ke cika, don haka jirage na iya lallaɓawa su wuce. Da ruwan ya fara ja baya bayan 2020, sai tudun ya fito fili.

Masu kamun kifi da shugabannin ƙaramar hukumar ba su tsaya kan batun nishaɗi ba. Cewa suka yi yasar an fara ta ne saboda mutane sun mutu, kuma in wani ya shiga hatsari a mashigin, jirgin ceto ba shi da hanyar fita daga kogin. Tun 1947 jihar Mishigan ke da manufar gina tasoshin mafaka yadda mai jirgi ba zai yi nisan da ya wuce mil 15 daga wurin laɓewa ba, amma tsakanin Frankfort da Leland gaɓar doguwa ce. In an ce musu su sauke jirgi a Frankfort, amsarsu ita ce tafiyar ba ta gaza kilomita 15 ba, kuma ta gaban Point Betsie take bi. Wannan tsini shi ke kāre mashigin Platte daga iskar kudu maso yamma, don haka akwai ranakun da mashigin ke kwance lafiya alhali ƙofar Frankfort ba ta fituwa ga jirgi mai mita 5. Mai babban jirgi bai damu ba. Wanda abin ya shafa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wato irin mutumin da jihar ta gayyato tun farko, kuma har yau gidan ƙyanƙyasar kifi na jihar da ke kan kogin Platte ne cibiyar renon koho. Ana ci gaba da sakin kifin da zai dawo wannan mashigi kowace kaka.

Hukunci da abin da bai warware ba

Sabuwar hanyar da dattijon ya buɗe ta yi wa masu jirgi daɗi, wasu a yankin har yaba masa suka yi. Hukumar gandun ta ce ruwan kogin ya sauka a sama da wurin, fadamar da ke gefensa ta fara bushewa, tsirranta na mutuwa. Kotu ta sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara 5, ta umarce shi ya biya diyyar sama da dala 20,000.

A ganina hukuncin daidai ne. Kogin na jama'a ne, na masu kwalekwale da iyalan da ke wanka a bakinsa da rani da waɗanda ba su taɓa riƙe fatsa ba, kuma ba a bar wa mutum ɗaya ya yanke musu hukunci da shebur ba, komai kyan dalilinsa. Bai san abin da ruwan zai yi bayan ya sake shi ba, ba shi kuma da hanyar mayar da shi in ya ɓaci.

Amma ban yarda hukumomi sun sauke nasu nauyin ba. Daina yasa shawara ce da za a iya kārewa. Daina ta ba tare da wata kwata ta maye gurbinta ba, alhali wata hukumar gwamnati na ci gaba da tara kifi a daidai wurin, wannan rabin aiki ne. Ɗaya na kiran mutane, ɗaya ta janye hannunta daga ƙofar, haɗarin kuma ya rage a kan mai ƙaramin jirgi. Ko dai a nemi wurin sauke jirgi kai tsaye a cikin mashigin, nesa da inda tsuntsayen ke ƙwai, a yarda cewa shi ma sai an riƙa share masa yashi, ko a fito fili a ce Platte ta zama kwatar kwalekwale da jiragen da mutum biyu za su iya ja da hannu, a rubuta haka a bakin kwatar da manyan baƙaƙe, a kuma tanadi yadda ceto zai isa mashigin a watannin Satumba da Oktoba. Kowanne na da tsadarsa, kuma kowanne zai ɓata wa wasu rai.

Su ma masu kamun kifin akwai abin da ya kamata su karɓa. Ko a shekarun da ake yasa, bakin Platte bai taɓa zama tashar mafaka ba. Ba shi da katanga, kuma iskar da ke sa mutum neman mafaka ita ce ke cika hanyar da yashi. Masu gogewa a wannan gaɓa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke sauraron hasashe kafin su bar gida, ba su fita in an ce iska za ta juyo arewa kafin azahar, suna fara naɗe zare tun igiya ba ta fara farin kai ba. A manyan tafkunan ana fitar da gargaɗin ƙananan jirage ne in igiya za ta wuce ƙafa 4, amma rabin wannan ya isa ya rufe bakin kogin da babu zurfi.

Ruwan tafkin ya ci gaba da raguwa daga matsayinsa na 2020. Duk sa'ad da ya ƙara sauka, zurfin da ke kan tudun na raguwa tare da shi, kohon kuma na ci gaba da taruwa a mashigin daga ƙarshen Agusta. Hukumomin yankin ne ke da kwatar, jihar ce ke da kifin, gwamnatin tarayya ce ke da gaɓar, kuma duk wata mafita sai ukun sun sa hannu, sun kuma amince da wanda zai biya.